Fayil ɗin Bulus Masaƙi, Wanda Na Rufe Cikin Kwana Shida

A duk kamfanonin inshorar da ke garin Kaduna, daga wannan ƙetaren kogi har wancan, ba a taɓa yin jami'in biyan diyya mai zafin nama irina ba. Ba yabon kai ba ne, ku tambayi tsofaffin masinjoji. Lokacin da nake ganiyata, in mota ta buge mutum a Kakuri, kafin takalminsa da ya yi sama ya dawo ƙasa na iso da takarda da biro. Sunana Habila, amma ko mai sharar ofis bai san ni da shi ba. Sha-Yanzu ake ce mini, wato sha yanzu magani yanzu. Manajanmu na lokacin, Alhaji Tukur, ya taɓa cewa a gaban jama'a da za a miƙo mini fayil ɗin yaƙin duniya, da na sasanta shi kafin a tashi cin abincin rana. Wata guda na yi ina maimaita wannan magana a gida, har matata ta ce in na sake faɗa za ta tafi ganin iyayenta.

To, ku sababbin ma'aikata da kuka dame ni in rubuta muku sirrin wannan sauri, ga shi zan rubuta, sai dai ba irin wanda kuke jira ba ne. Cikin ranakun aikina akwai guda da ta ƙi barin kaina har yau: wata Asabar cikin watan Mayu, shekarar da aka canza kuɗi, ranar da na sa Bulus masaƙi ya dangwala yatsa a rana ta shida da mota ta buge shi.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda wanda ba ɗan gida ba. Doka ta ce duk mai mota ya yanki inshora, domin in motarsa ta ji wa wani rauni, kamfani ya biya a madadinsa. In haɗari ya auku, mai mota zai kawo rahoto, mu buɗe fayil, mu karɓo na 'yan sanda, sannan mu jira rahoton likita na ƙarshe, wanda zai ce ciwo ya tsaya a nan, ga kuma abin da ya bari a jikin mutum. Daga nan a yi ciniki, a biya, wanda aka ji wa rauni ya sa hannu a takardar sallama. Shafi ɗaya ce, da Turanci, kuma duk dafinta yana cikin layi biyu na ƙasa: na karɓi wannan a matsayin biya na ƙarshe, ba ni da sauran magana a kan wannan haɗari, ko a kan abin da na sani yau, ko abin da zai ɓullo nan gaba.

Akwai kuma wata ƙaramar takarda shuɗiya, rasit na wucin gadi. Da ita ana iya ba mutum kuɗin magani ya ci gaba da jinya, fayil yana buɗe, haƙƙinsa yana nan daram. Kamfani ba ya ƙaunar shuɗiyar, don a wurinsa buɗaɗɗen fayil kamar gyambo ne, kullum ƙara faɗi yake yi. Ni kuwa a lokacin mataimakin jami'i ne, ina hangen kujerar babban jami'i, kuma da yawan fayilolin da ka rufe ake auna ka.

Bulus mutumin Filato ne, daga wajen Fankshin. Shekararsa goma sha ɗaya yana tsaye gaban injin saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. A Nasarawa yake zaune, ciki da falo a gidan haya, shi da matarsa Saratu da 'ya'ya huɗu. Ranar Litinin da safe yana kan kekensa zai je ya kama aiki, sai wata a-kori-kura ɗauke da buhunan masara ta kauce wa rami ta kwashe shi ta baya. Ya yi sama, ya sauko da kafaɗar hagu da ƙeya a bakin kwalbati. Motar ta wani ɗan kasuwa ce a Tudun Wada, Alhaji Mamman, mutumin kirki, kuma a wurinmu ya yanki inshora.

Ranar Talata na je asibiti. Ga sirrin nawa: ban taɓa shiga wurin majinyaci da sunan ma'aikacin kamfani ba. Dubiya nake zuwa. Lemo, burodi, gwangwanin madara, sai kuma baki. Na tarar an rataye masa hannu da bandeji, ƙashin kafaɗa ya karye, fuska ta yi suntum.

Na ce, "Ɗan'uwa, ashe kai ne ka buge motar mutane. Na je na duba ta, tana can tana kuka. Mai ita ya ce sai ka biya shi."

Ya yi dariya har ya dafe wuya. Duk 'yan ɗakin suka kwashe, har da wani tsoho da aka ce kwana uku bai ce uffan ba. Kafin in fita mun gano cewa kakata ta taɓa sayen acca a kasuwar garinsu, saboda haka ni da shi jini ɗaya ne.

A baranda wata ma'aikaciyar jinya ta tare ni. Ta ce, "Na san ku. Likita ya rubuta a ɗauki hoton wuyansa, fim ne ya ƙare mana, sai mako mai zuwa. Kada ku sa shi gaggawa."

Na ce, "Haba Sista, ni da na zo da lemo?"

Abin da ke cin Bulus ba kafaɗa ba ce. A shekarar nan masaƙu suna rage ma'aikata. Auduga ta yi wuya, kayan gyaran inji ba sa shigowa, duk ƙarshen wata sai a liƙa jerin sunaye a allon bakin ƙofa. Kowa ya san wanda ke kwance a asibiti shi ake fara rubutawa. Ranar Alhamis ya sa hannu ya sallami kansa, likita na cewa a'a, ya tafi wurin wani mai ɗori a Narayi, aka ja masa kafaɗa aka ɗaure. Da labari ya iso ni, gaskiyar Allah murna na yi. Mutumin da ya sallami kansa ya ba ni abin da zan sa a fayil a madadin rahoton likita: ga shi da hannunsa ya nuna ya ji sauƙi.

Sai na shirya zama. Ku lura da nan, don a nan gwanintar take, a nan kuma zunubin yake. Ban kira shi ofis ba. A ofis mutum yakan tsorata, ya ce bari ya je ya yi shawara. Mai da abin na yi sulhu irin na gida. Na roƙi Alhaji Mamman ya zo da kansa ya ba da haƙuri. Na nemi Baba Ayuba, dattijon cocin su Bulus, ya zama shaida. Na kuma lallaɓi akawunmu ya ba ni kuɗin a hannu maimakon cek, naira ɗari huɗu, sababbi fil. A makonnin nan mutane kan yini a layin banki su dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. Mai tumatir ba ta karɓar tsohon kuɗi, sabon kuma babu shi. Na san tukunyar gidan Bulus ta fara hutawa.

Ranar Asabar da hantsi muka cika falon. Alhaji Mamman ya zo da sabon keke da buhun masara, daga aljihunsa, ba na kamfani ba. Dattijo ne mai furfura, amma ya cire takalmi ya tsuguna gaban kujerar Bulus.

Ya ce, "Malam Bulus, ƙaddara ce ta haɗa mu, amma laifin direbana ne, laifin direbana kuwa nawa ne. Don Allah ka yafe mana."

Bulus ya ce, "Tashi, Alhaji, don Allah tashi. Na yafe. Kai ma ba ka so haka ba."

Baba Ayuba ya yi addu'a mai tsawo. Ya gode wa Allah da ya nuna masa ranar da Musulmi da Kirista suka sasanta a ɗaki ɗaya, ba ɗan sanda, ba alƙali. Kowa ya ce amin. Ni na fi kowa ɗaga murya.

Daga nan na zaro takardar sallama. Na karanta ta da Turanci, da gudu, kamar mai labarun rediyo, sannan na bi ta da Hausa. Da na zo layi biyun nan na ƙasa sai na ce, "Nan kuma cewa ya yi an sasanta, an yafi juna, magana ta wuce." Kowa ya gyaɗa kai, don abin da aka gama yi ke nan a gabansu.

Saratu tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki da goyo. Ta ce, "Baba, ba za a bari a ɗauki hoton nan tukuna ba? Tun shekaranjiya yake cewa yatsunsa kamar kiyashi na bin su."

Baba Ayuba ya ce, "Maman Ladi, bawan Allahn nan ya taso tun daga Tudun Wada, ya durƙusa a gaban mijinki. Sai mu ce masa ya koma sai mun ga hoto? Ina kunya?"

Bulus ya ce, "Ɗaurin ne ya matse ni. Litinin zan koma aiki, ko da hannu ɗaya ne, su dai gan ni a tsaye."

Shuɗiyar takardar nan tana cikin jakata, tsakanin jarida da kwalin tawada. Da na fito da ita, da Bulus ya karɓi kuɗin cefane, Alhaji ya tafi da yafiyarsa, Baba Ayuba ya tafi da addu'arsa, ba wanda ya ji kunya. Ban ko taɓa zip ɗin ba.

Na miƙa masa biro. Ya karɓa, ya kai kan takarda, biro ya zame ya faɗi. Na ɗauko na sake ba shi. Ya ja harafin farko, ya sake suɓucewa, ya gangara ƙarƙashin kujera. Kafaɗar hagu ce ta karye, ita aka ɗaure. Biron daga hannun dama yake faɗuwa. Ni ba likita ba ne, amma na ga fayiloli da yawa, kuma na san abin da na gani.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kai, masaƙi guda, mai juya inji takwas da ido ɗaya a rufe, yau biron sule biyu ya kayar da kai? Bari mu yi irin na manya." Aka yi dariya. Na buɗe kwalin tawada, na kama babban yatsansa da hannuna, na dangwala, na danna a kan takarda. Yatsan sanyi ƙalau, kuma bai taya ni dannawa ba. Baba Ayuba da Alhaji suka sa hannu a gurbin shaidu, inda aka rubuta cewa an karanta masa, an fassara, ya gane.

Ranar Litinin fayil yana kan teburin manaja. Ya ɗaga shi sama ya nuna wa sauran ma'aikata. A watan Yuli aka ba ni kujerar babban jami'i, da fanka tawa ni kaɗai.

Cikin Agusta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, masinja ya ce wata mata na nemana. Saratu ce, jiƙe sharkaf, da babban ambulan a ƙarƙashin zane. Ba ta zauna ba. Ta ce Bulus ya koma aiki kamar yadda ya ce. Mako biyu zare yana tsinkewa ya kasa ƙulla shi, abokan aiki suna rufa masa asiri. Sai ƙafafu suka fara nauyi, yana jan su kamar mai tafiya cikin taɓo. Wata ranar ya faɗi tsakanin injuna, bai tashi ba. A babban asibiti aka ɗauki hoton, shi ne a cikin ambulan ɗin. Ƙashin wuya ya tsage tun ranar haɗarin, ya yi ta gocewa a hankali yana danne laka. Likita ya ce da an kwantar da shi an ɗaure wuyan tun farko, da wataƙila ba haka ba. Masaƙa kuma ta ce ba a bakin aiki ya ji ciwo ba, sunansa ya fito a allo.

Ta ce, "Ka ce mana kai ɗan'uwa ne. Shi ne na zo."

Na karɓi ambulan na shiga wurin manaja. Alhaji Tukur ya ɗaga hoton wajen taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa aka kawo fayil.

Ya ce, "Wa ya cike takardar nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Akwai kuskure a ciki?"

"Babu."

"Shaidu biyu, yatsa ya fito raɗau. Habila, ka ɗinke ta yadda ko ni ba zan iya farke ta ba. In na aika wa hedkwata, tambayar farko da za su yi ita ce ina rahoton likita na ƙarshe, kuma wa ya biya ba tare da shi ba. Kana son su yi tambayar?"

Ya mai da hoton cikin ambulan ya turo mini.

Bayan mako biyu wani matashin lauya ɗan cocin su Bulus ya same ni a ofis. Aikin Allah yake yi musu, ba ko kwabo. Ya ce takarda irin wannan kotu ba ta cika rushe ta ba, sai in an nuna cewa wanda ya dangwala bai san abin da ke ciki ba. Baba Ayuba ba ya jin Turanci, Alhaji Mamman ma haka. Iyakar abin da za su iya cewa shi ne an karanta, sun ji. Mutum ɗaya ne a ɗakin ya san abin da layi biyun nan suka ce, ya kuma san abin da aka faɗa da Hausa.

Ya ce, "Mista Habila, tambaya ɗaya ce. Wurin da aka ce ko abin da zai ɓullo nan gaba, ka faɗa masa shi da Hausa?"

Ni ma ina da 'ya'ya biyar. Kamfanonin inshora ma suna da nasu allon a shekarar. Na ce, "Na karanta masa takarda daga sama har ƙasa a gaban shaidu biyu. Ga sa hannunsu."

Ya dube ni, ya rufe littafinsa, ya ce ya gode. Daga nan maganar kotu ta mutu.

Ga abin da nake so ku ɗauka, ku da za ku riƙe jakar nan bayana. Ciwon wuya, da na baya, da na kai, barci suke yi. Mutum zai tashi daga bakin kwalbati ya karkaɗe riga ya ce Allah ya kiyaye, alhali abin yana ciki yana jiran wata uku. Mutanenmu kuma ba a koya musu cewa bari in jira ba, in babba ya durƙusa musu. Kunya za ta sa su sa hannu, yunwa za ta sa su, tsoron rasa aiki zai sa su, kuma mu mun san duk wannan, shi ya sa muke sammako. Yafiya tsakanin mutum da mutum daban, takardar sallama daban. Alhaji Mamman da gaske ya nemi gafara, Bulus da gaske ya yafe, ni ne na shimfiɗa takardar kamfani a ƙarƙashin addu'arsu. In ɗan'uwanku mota ta buge shi, ku ce masa kada ya taɓa biro sai likita ya rubuta cewa ya gama da shi, ya nemi nasa mai karatu ya karanta masa layin ƙasa, in kuma yana bukatar kuɗin magani ya tambayi rasit na wucin gadi da bakinsa, don ba za mu ambata masa ba. In kuwa ku ne da jakar, ku fito da shuɗiyar. Ni tun daga shekarar nan ita ce a sama a jakata, kuma ba a sake ɗaga fayil ɗina ana nuna wa kowa ba.

Bulus bai sake taka ƙasa ba. A shekara ta gaba aka mai da shi ƙauye, kwanciya ta cinye masa baya, bayan wata shekarar na ji ya rasu. Ganina da shi na ƙarshe a watan Oktoba ne na shekarar haɗarin. Na yi ta naci har kamfani ya yarda ya ba da abin da muke kira kyautar tausayi, wadda ake bayarwa tare da wasiƙar da ke cewa ba amsa laifi ba ne. Ta isa sayen keken guragu. Na ɗora shi a saman tasi na nufi Nasarawa, ina jin kaina kamar wanda ya gina asibiti.

Keken ya ƙi shiga ƙofar ɗakin. Na juya shi ta gefe, na karkata shi, ya ƙi. Na bar shi a tsakar gida, kusa da turmi. Bulus yana kwance a katifa a ƙasa, an cire gadon don ya fi sauƙin ɗagawa. Ya rame har na ga ƙasusuwan fuskarsa. Sabon keken da Alhaji ya kawo yana jingine a bango, ledar sirdinsa ba a ko cire ba.

Na ce, "Ɗan'uwa, na kawo maka marsandi. Direba kawai ya rage, kuma na nemi aikin."

Ya motsa baki kaɗan. Ban sani ba ko murmushi ne.

Saratu ta shigo da kwanon ruwa da tsumma. Ta ce, "Tunda ka zo, kama masa ƙafafu mu juya shi. Tun safe yake gefe ɗaya."

Na tuɓe kwat na durƙusa. Na kama ƙafafun, nauyi kamar buhun siminti, ba rai a cikinsu. Muka juya shi, na ga bayansa, na kau da kai. Ta goge shi, ta shafa masa hoda, ta gyara zanen, duk ba ta dube ni ba. Na miƙe. Na ɗauki kwat ɗina, na tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Maman Ladi, don Allah duk abin da kuka ga zan iya yi muku, kada ki ji nauyi, ki aiko kawai."

Tana matse tsumma a cikin kwano ta ce, "Ai ka riga ka yi mana, Mista. Ja mana ƙofar in ka fita, kaji na shigowa."